Mustad da dangin kabeji: me ke cikinsu, kuma ina iyakar maganin da suke yi?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce kin ji ana cewa ƙwayar mustad, wadda wasu ke kira hardal, da kabeji da burokoli suna kashe kansa, suna warkar da olsa da ciwon suga, kuma Baba yana fama da suga da gyambon ciki, shine kike so ki sani ko ku sayo masa kafson nan na salforafen, wani sinadari da ake samu daga burokoli, ko man mustad ya riƙa sha. Allah ya ba Baba lafiya. Harhaɗa magunguna na karanta, kuma sinadaran tsirrai su ne ɓangaren da na fi daɗewa a kai, don haka zan ɗan ja maganar, ki yi haƙuri da tsawonta.

Abu na farko da nake so ki riƙe shine, sinadarin da ake ta magana a kai babu shi a cikin ganyen ko ƙwayar tun farko. Sai an farfasa su yake samuwa. In kina da ƙwayar mustad baƙa ko ja ki gwada da kanki, ki shinshina ta a bushe, kusan babu wani ƙamshi. Ki daka ta ta zama gari, har yanzu shiru. Toh ki zuba ruwan sanyi kaɗan ki dama ki bar shi kamar minti goma sannan ki kai hancinki kusa. Ranar da na fara yin wannan a lab na kai fuskata kan ɗan kwanon ban yi tsammanin komai ba, wani zafi ya harbo ta hanci ya hau har tsakiyar kai, hawaye suka zubo kafin in ja baya, alhali minti goma kafin nan gari ne kawai mara wari. Tun daga ranar na fahimci abin fiye da duk yadda na karanta shi a takarda.

Abin da ke faruwa shine tsiron yana ajiye abubuwa biyu a wurare daban-daban cikin jikinsa. Ɗaya sinadari ne mai ɗauke da farar wuta da ake kira gulukosinolet, an gano ire-irensa sama da 120 a tsirrai, ɗayan kuma inzayim ne, wato furotin da ke sarrafa wani sinadari ya mai da shi wani, mai suna mairosinez. Muddin ganyen yana lafiya ba sa haɗuwa. Da tsutsa ta ciji ganyen, ko wuƙa ta yanka, ko haƙori ya tauna, sai su gauraya, inzayim ɗin ya datse gulukosinolet ya fitar da wani sabon abu mai yaji da ake kira aisotayosayanet. Makami ne tsiron ya tanada don ƙwari da ƙwayoyin cuta, ba don mu aka yi shi ba, mu dai mun ci gajiya ne. Duk dangin nan haka suke, kabeji, farin kabeji, burokoli, kel, radish, tanif, wasabi, da mustad ɗin kansa, sai dai kowanne da irin nasa gulukosinolet. Na mustad baƙa da ja sunansa sinigirin, wani Bafaranshe mai harhaɗa magunguna Antoine Bussy ne ya fara ware shi a 1839, kuma shi ne ke zama alil aisotayosayanet, mai hawa hancin nan. Farar mustad nata daban ne, sinalbin, baya tashi a iska sosai shi ya sa ta fi sauƙi. Na burokoli kuma gulukorafanin, wanda ke zama salforafen da kika ambata.

Salforafen ɗin nan a 1992 ya yi suna, lokacin da Paul Talalay da Yuesheng Zhang a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ware shi daga burokoli suka nuna yana da ƙarfi sosai wajen tayar da inzayim ɗin da jiki ke amfani da su ya kwance guba. A 1997 kuma su Jed Fahey a wannan lab ɗin suka nuna cewa ɗan tsiron burokoli mai kwana uku yana ɗauke da gulukorafanin ninki 10 zuwa 100 na burokolin da ya girma. Daga nan ne kasuwar kafso ta buɗe.

Yadda yake aiki shi ne ya fi burge ni a duk labarin, kuma shi ne zai nuna miki iyakarsa. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani furotin mai suna Nrf2, akwai kuma wani mai suna Keap1 da ke riƙe da shi yana miƙa shi ana lalatawa, kamar mai gadi ne da aka ɗaure sai an ji motsin ɓarawo a sake shi. Salforafen yana maƙalewa a jikin Keap1 ta wuraren da ke da farar wuta, sai Keap1 ya saki, Nrf2 ya wuce cikin cibiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gado masu yawa waɗanda ke ƙera inzayim na kariya, irinsu masu haɗa guba da gulutatayon, wani sinadarin kariya na jiki, don ta narke a ruwa ta fita ta fitsari. Kinga kenan salforafen ba shi ne ke share dattin da hannunsa ba, ɗan tsokana ne, guba ce 'yar kaɗan da ke sa hanta da hanji da huhu su farka su ɗaura ɗamara. Shi kansa cikin sa'o'i yake fita daga jiki, amma inzayim ɗin da ya tayar suna daɗewa fiye da shi. Aiki ne na riga-kafi, kuma riga-kafi daban yake da warkar da cutar da ta riga ta zauna.

Bari mu je ga abin da aka gani a jikin mutane, don a kwanon lab da jikin ɓera kam an ga abubuwan mamaki iri-iri, amma abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar kansa a kwano, har ruwan zafi ma yana kashewa. Gwajin da ya fi gamsar da ni shine wanda aka yi a Qidong ta ƙasar Sin, wurin da iska ke da gurɓata sosai, aka buga sakamakon a 2014. Mutum 291 aka raba biyu, wasu suna shan abin sha da aka haɗa da tsiron burokoli kullum har sati 12, wasu suna shan mai kama da shi wanda babu komai a ciki. Waɗanda suka sha na gasken yawan benzin da jikinsu ke kwancewa yana fitarwa ta fitsari ya ƙaru da kashi 61 cikin 100, na akrolin kuma da kashi 23, dukansu biyu guba ne da ake shaƙa a gurɓatacciyar iska. Benzin sananne ne wajen jawo kansar jini. Wannan shaida ce mai kyau cewa abin da aka gani a lab yana faruwa a jikin ɗan Adam. Amma ki lura abin da aka auna fitsari ne, ba a bi mutanen shekara ashirin an ga wa ya kamu da kansa wa bai kamu ba.

A wajen waɗanda kansar ta riga ta kama kuwa labarin ya sha bamban. A 2015 an buga wani gwaji a Amurka kan maza 20 da kansar furostet ta dawo musu, aka ba su salforafen mai yawa, abin da ake nema shine awon PSA, alamar da ake dubawa a jini don bin wannan kansar, ya sauka da rabi, mutum ɗaya tal ne ya kai hakan. A 2016 an gwada shi kan masu ciwon toshewar huhu su 89 ba a ga ya motsa Nrf2 ɗin a huhunsu ba ma. Sannan akwai wani abu da masu talla ba sa faɗa, wasu ƙwayoyin kansa su da kansu suke barin Nrf2 a kunne dare da rana don su kare kansu daga kemo, wato magungunan da ake kashe kansa da su. Shi ya sa in mutum yana kan kemo ba na so ya sha irin wannan kafson sai likitansa ya sani. Cin ganyen a abinci ba matsala, kafso mai tattare da sinadari ninki-ninki shi ne abin tambaya. Binciken da ke bin abincin jama'a masu yawa yana yawan nuna cewa masu cin dangin kabeji akai-akai sun ɗan fi samun sauƙin wasu nau'ikan kansa kamar ta hanji da ta huhu, sai dai mai cin ganye sau da yawa shi ne kuma mara shan taba, mai motsa jiki, raba abubuwan nan da wuya yake.

Yanzu ga na Baba. Maganar olsa tana da tushe. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, kuma a 2002 su Fahey sun nuna salforafen yana kashe ta a lab har da irin wadda ta gagari wasu antibayotik. Da aka zo kan mutane a Japan, aka buga a 2009, mutum 48 masu ɗauke da ƙwayar, rabi suna cin giram 70 na tsiron burokoli kullum har sati 8, alamun ƙwayar a numfashi da bahaya sun ragu, alamun kumburin ciki ma sun ragu. Wata biyu da dainawa komai ya koma yadda yake. Wato ya danne ta amma bai kashe ta ba. Ita kuwa H. pylori tana da magani sananne, haɗin antibayotik da maganin rage asid na kwana 10 zuwa 14, a gama a sake gwaji a tabbatar ta tafi. In ba a taɓa yi wa Baba gwajinta ba wallahi nan zan so ku fara. Kuma don Allah kar a ba mai gyambon ciki mustad mai yawa ya haɗiya, sinadarin da ya sa ni hawaye shi ne zai sauka a kan ciwon.

Na suga ma akwai gwaji guda da ake yawan kafa hujja da shi, na ƙasar Suwidin a 2017, ƙarƙashin Anders Rosengren. Mutum 97 masu suga nau'i na biyu, kusan dukansu suna kan maganin suga na metfomin, aka ƙara wa wasu garin tsiron burokoli mai ƙarfi har sati 12. Waɗanda suka amfana su ne masu ƙiba waɗanda sugansu ya ƙi daidaita, sugan safe kafin cin abinci ya sauka da kusan kashi 10 cikin 100 idan aka kwatanta da ɗaya ɓangaren, kuma bayanin da suka bayar shine yana rage sugan da hanta ke ƙerawa. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ƙari ne a kan magani ba madadinsa ba, kuma adadin da aka ba su ya kai abin da sai mutum ya ci burokoli kilo huɗu zuwa biyar a rana zai samu. Don haka Baba ya ci gaba da maganinsa yadda aka rubuta masa. Kabeji da 'yan'uwansa abinci ne mai kyau ga mai suga ko da babu salforafen, saboda ba su da sitaci sosai kuma suna da harza mai rage saurin hawan suga.

Akwai wani dangin sinadarin kuma, indol-3-kabinol, wanda in ya haɗu da asid ɗin ciki yake zama DIM, ana sayar wa mata shi da sunan daidaita homon. Gaskiya ne yana canza yadda hanta ke sarrafa istirojin, homon ɗin mata. Amma da aka yi babban gwaji a Birtaniya kan mata sama da 500 masu ƙananan canje-canje a bakin mahaifa, aka buga a 2012, DIM bai nuna wani bambanci ba. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin kansar nono su bar shi sai da izinin likita.

Inda nake ganin mutane suna asara ta gaske shine a wajen girki. Tunda inzayim ne ke yin aikin, kuma zafi na kashe inzayim, toh in aka jefa kabeji ko burokoli a tafasasshen ruwa aka bar shi har ya yi laushi ya canza kala, mairosinez ya mutu, gulukosinolet kuma yana narkewa a ruwa, sai a tsiyaye ruwan a zubar da shi gaba ɗaya. An auna wannan a Holan a 2008, daga ɗanyen burokoli kusan kashi 37 cikin 100 na salforafen ya shiga jiki, daga dafaffe kashi 3 da ɗan wani abu. Ƙwayoyin cutar hanjinmu masu amfani suna iya yin wani ɓangare na aikin inzayim ɗin, amma kaɗan ne kuma ya bambanta sosai daga mutum zuwa mutum. Ɗanyen ma ba shi ne ƙarshe ba, don akwai wani furotin a burokoli da ke karkatar da aikin ya fitar da wani sinadari mara amfani maimakon salforafen, shi wannan furotin a wajen digiri 60 yake lalacewa, mairosinez kuma ya ɗan fi shi jure zafi. Shi ya sa turarawa ta minti 1 zuwa 3, ya yi kore shar yana ɗan ƙaras-ƙaras a baki, ta fi duka. Ki yayyanka ƙanana ki bar shi ya ɗan zauna kafin ki ɗora a wuta, sannan a tauna sosai.

Nan ne mustad yake da rana. Mairosinez ɗinsa ya fi na burokoli juriya, kuma garin yana nan da inzayim ɗinsa muddin ba a dafa shi ba. A Jami'ar Reading ta Ingila, a binciken da aka buga a 2018, an ba mutane giram 200 na dafaffen burokoli, wani lokaci shi kaɗai wani lokaci da giram 1 na garin jar mustad a kai, salforafen da jikinsu ya samu ya ninka fiye da sau huɗu. Giram ɗaya fa, kusan rabin ƙaramin cokali kenan. A barbaɗa bayan an sauke ya ɗan huce. Burokolin da ake sayarwa a daskare ma haka, ana ɗan tsoma shi a ruwan zafi kafin a daskarar, don haka yana buƙatar wannan taimakon. Kafso da yawa ma wannan ce matsalarsu, salforafen baya daɗewa a ajiye sai an yi masa dabara, shi ya sa da yawansu gulukorafanin ne zalla babu inzayim, kuma ba a tantance su kamar yadda ake tantance magani.

Shafa mustad a jiki tsohon magani ne a ƙasashe da yawa, ana dama garin a ɗaura a ƙirji ko gwiwa don mura da ciwon gaɓoɓi. Ɗumin da ake ji gaskiya ne, alil aisotayosayanet yana taɓa wata kafa a jijiyoyin jin zafi mai suna TRPA1, lab ɗin David Julius ne ya nuna haka a 2004, shi ne wanda ya samu kyautar Nobel a 2021 kan yadda jiki ke jin zafi da taɓi. Jini yana taruwa a wurin, fatar ta yi ja, zafin waje ya ɗauke hankali daga na ciki. Amma bai shiga huhu ya warkar da komai ba, kuma yana ƙona fata sosai. Na taɓa ganin gwiwar wata dattijuwa da aka ɗaure mata shi da tsumma ta yi barci da shi, da safe fatar ta tashi da ƙuraje manya cike da ruwa daidai faɗin tsumman, gefensa a miƙe kamar an zana, sai da ta yi makonni ana wanki. Ga Baba wannan ya fi haɗari, don suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, zai iya ƙonewa bai ji ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Kar a shafa masa, kar a sa wa yara.

Man mustad da kika tambaya shi kuma wani abu ne daban. Man da aka matse daga ƙwayar yana da wani asid mai suna erusik mai yawa, yakan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, kuma a gwajin dabbobi yana tara kitse a tsokar zuciya. Shi ya sa a Amurka ba a yarda a sayar da shi a matsayin man girki ba, rubutu ake yi a kwalbar cewa na shafawa ne kawai, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai kuma a 2016 ta sa iyakar miligiram 7 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. A Indiya da Bangaladash miliyoyi suna girki da shi kuma masana suna ta muhawara a kai, amma shansa cokali-cokali da sunan magani ba shi da wata hujja. Ga matsalar algus, a 1998 a Delhi man mustad da aka gauraya da man wata ƙaya mai suna argemon ya kwantar da mutum sama da 3,000, sama da 60 suka rasu.

Sauran abin lura kaɗan ne. Wasu daga cikin sinadaran nan suna hana tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, amfani da aidin, tun 1928 aka ga zomayen da ake ciyarwa da kabeji zalla suna yin maƙoƙo, kuma a 2010 an ba da rahoton wata tsohuwa 'yar shekara 88 da ta yi watanni tana cin kilo 1 zuwa 1.5 na ɗanyen kabejin Sin kullum don sugan da take da shi, ta ƙare a sume saboda tayirod ɗinta ya tsaya. Cin da aka saba ba ya kawo wannan ga wanda aidin ya wadace shi. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ya sani ganyen nan suna da bitamin K wanda ke shafar aikin maganin, ba a ce ya daina ba amma kar yau ya ci tuli gobe ya bari. Ɗanyen tsiro kuma yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta don a ɗumi da laima yake fita, tsofaffi da masu ciki da masu raunin garkuwar jiki gara su ɗan dafa shi. Wasu kuma mustad yana tayar musu da alaji mai tsanani.

Da Babana ne, kafson zan ajiye tukuna, man kuma ba zai sha ba. Zan kai shi a yi gwajin H. pylori, in akwai a yi maganinta cikakke. Zan sa kabeji ko burokoli ko farin kabeji a abincinsa sau uku ko huɗu a sati, a turare ba a tafasa ba, a fara da kaɗan saboda suna sa kumburin ciki da iska. Garin mustad ɗin nan na barbaɗawa sai bayan cikin ya warke, kuma in ya ji yana masa zafi a bari. Ki turo min sunayen magungunan da yake sha yanzu, musamman in akwai na tsinka jini ko na tayirod, in duba miki.